Motar da Kudus Bai Tura Ba

Mooresville, North Carolina
14 ga Maris, 2015

Zuwa ga mahaifina, Malam Sumani,

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Shamima da mijinta da yara. Ya sanyin Queens? Na iso lafiya tun ranar Talata. Ka ce kada in wahalar da kaina da kiran waya tunda kunnenka ba ya ɗaukar magana, saƙon waya kuma ka ce aikin 'yan makaranta ne. To ga wasiƙa da hannu, kuma da Hausa kamar yadda ka umarta. Idan ka ga kuskure ka tuna ina ɗan shekara goma sha ɗaya ka ɗauko ni daga Kumasi.

Na ga motar, Baba. Ba irin wadda ka sani ba ce. Wadda na yi shekara bakwai ina tsere da ita siririya ce, tayoyinta a waje, kaina a fili iska na dukan hular kwano. Wannan kuwa tana da rufi da gilashi da bamba gaba da baya, kamar tasin da ka tuƙa kafin ka shiga aikin filin jirgi, sai dai ba ta da ƙofa, ta taga ake shiga. Nauyinta ya ninka na waccan. Idan na taka birki sai ta tsaya ta yi shawara tukuna. Ba na ganin tayoyina, ba na ganin gefena sosai, don haka akwai wani dattijo da ke tsayawa a saman rufin 'yan kallo yana yi mini magana ta rediyo, yana faɗa mini ina akwai mota, ina babu. Ni da na saba yarda da idona, yanzu an ce in yarda da muryar mutumin da sau ɗaya na taɓa ganin fuskarsa.

Mai motar tsohon manomin taba ne, ba ya yawan magana. Tsere biyar ya ba ni, daga Afrilu zuwa Agusta. Ya ce idan na shiga cikin goman farko ko sau ɗaya ne, kujerar tawa ce shekara mai zuwa gaba ɗaya. Idan ban shiga ba, akwai masu jira a layi. Ka san tun da masu ɗaukar nauyin waccan motar suka janye, wata takwas na yi a gidanka ina kallon silin. Shekarata ashirin da shida, kuma a wannan sana'a ba a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa sau uku.

Ɗakina yana saman wani shagon taya. Garin tsit yake, ba ƙarar jirgin ƙasa, ba mai sayar da komai a bakin hanya. Kanikawan garejin mutanen kirki ne, amma da an tashi aiki kowa ya shige motarsa ya tafi gida. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya yi mini sallama, ni ma ban sami wanda zan yi wa ba. Shinkafa da kifin gwangwani nake ci, kada ka faɗa wa Yaya.

Ka sa ni a addu'a. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Kudus

Jamaica, Queens
2 ga Afrilu, 2015

Kudus,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, kuma muna lafiya, alhamdulillahi. Takardarka ta zo. Hausarka ba laifi, ta fi ta yayarka wadda in ta buɗe baki ba ka sanin da wa take magana, da ni ko da Baturen asibitinsu.

Na ji daɗi da ka shiga mota mai rufi. Shekara bakwai ina jin kunyar nuna wa mutanen masallaci hotonka a cikin wancan abin mai kama da takalmi. Yanzu dai zan iya cewa ɗana direba ne, a gane abin da nake nufi. Amma mota ba ƙofa, wannan wane irin tsiya ne? Mutanen da suka iya ƙera injin da ya fi na bas ƙarfi sun kasa sa ƙofa ɗaya.

Ka ce garinku tsit yake. Ni ko'ina tsit yake, har tashar jirgin ƙasa ta Sutphin da ƙarfe takwas na safe. Ba laifin kowa ba ne, shekara ashirin da biyu ina jan jirage ina ƙin sa abin toshe kunne don ina ganin na ragwaye ne. Ga shi na zama jarumin da ba ya jin ƙararrawar gidansa. Da safe ina zuwa masallaci, daga can in biya shagon Souley, mutumin Nijar ɗin nan mai sayar da katin waya da turare. Yana ta zuba, ni ina gyaɗa kai, kuma mu rabu kowa ya gamsu. Shamima tana zuwa ran Lahadi daga Bronx da kwanuka, ta yi faɗa a kan gishiri, ta tafi.

Jiya na dafa waakye, shinkafa da wake irin na Kumasi, sai da na sauke tukunya na ga na mutum biyu na auna. Hannu ne ya saba a wata takwas ɗin nan. Na ci rabi, rabin yana firji. Gidan ya yi mini girma, gaskiya ke nan.

Abu ɗaya kawai zan tuna maka. Shekara uku da suka wuce, a barandar asibitin nan na Ohio, ranar da ka cusa tayarka cikin ta yaron nan da kuke tsere tare, motarsa ta tashi sama ta kife, da bakinka ka gaya mini da gangan ka matse shi. Mahaifiyarka Tahiratu, Allah ya jiƙanta, tana tsaye a wurin tana kuka. Na ce maka idan ka ƙara taɓa motar wani da gangan, ban yafe maka ba. Canja mota bai canja maganar ba.

Ka daina cin kifin gwangwani. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka,
Sumani

Mooresville
27 ga Mayu, 2015

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Ka gaishe mini da Malam Souley.

Na yi tsere biyu. Na farko na zo na goma sha tara, na biyu na goma sha shida. Sauri ba shi ne matsalata ba, idan ni kaɗai ne a fili ina cikin biyar mafi sauri. Matsalar wani abu ce daban, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Filayen nan ƙanana ne, zagaye ɗaya bai wuce rabin mil ba, kuma mota talatin ake zubawa a ciki. A kwana hanya ɗaya ce mai kyau, ta ƙasa, kowa nan yake bi. Idan na gabanka bai kai ka sauri ba, ba inda za ka ratsa. Abin da ake yi shi ne, a bakin kwana ka ɗan taɓa bambansa na baya da naka na gaba, motarsa ta zame sama kamar taku ɗaya, kai kuma ka shige. Ba ya kifewa, ba ya jin ciwo, zagaye na gaba ma yana iya rama maka. Doka ta yarda, kowa yana yi, har 'yan gida ɗaya suna yi wa juna. Ni an yi mini ya fi sau ashirin. Tun tsere na farko suka gane ba na ramawa, yanzu duk wanda ya zo bayana ba ya ko jira.

Bayan tsere na biyu kanikawa suka taru a gaban motata suna dariya. Bayanta duk ya lotse, gabanta kuwa ko ƙwarzane babu. Ɗaya ya ce a cire bamban a mayar kanti tunda sabo ne. Mai motar bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ban sa wa motar nan bamba don ado ba. Saura uku."

Baba, ban manta da Ohio ba, kuma ba zan manta ba. Yaron yana tafiya da sanda har yau, kuma ni ne sanadi. Amma a waccan motar tayoyi a waje suke, in biyu suka haɗu ɗaya ce take hawa kan ɗaya, shi ya sa mota take tashi. A nan ƙarfe ya rufe tayoyin, direba kuma yana cikin keji. Ranar da ka yi maganar nan wannan motar ba ta ranka, ni ma ba ta raina.

Ina roƙonka don Allah ka janye maganar, ko ka sassauta ta a kan wannan aikin kaɗai. Ba zan yi ba sai ka ce. Sau da yawa ina dab da bayan mutum, dattijon rediyo yana cewa in tura, sai in ji ƙafata ta sauka daga totur da kanta. Ba wanda zan yi wa bayanin wannan a nan. Na gwada faɗa wa wani bakanike cewa mahaifina ne ya hana, ya tambaye ni shekarata nawa.

Tsere na uku ran 20 ga Yuni ne. Ina jiran amsarka. Allah ya ja da ranka.

Ɗanka mai biyayya,
Kudus

Jamaica, Queens
23 ga Yuni, 2015

Kudus,

Salamu alaikum. Barka da shan ruwa, ina fatan kana samun abin buɗa baki na kirki a wannan gari naku.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa, kuma na yi fushin duk da haka. Yanzu kai ne za ka koya mini abin da bamba yake? Ina tuƙa tasi a Manhattan kana cikin zane. Bayan haka na yi shekara ashirin da biyu ina jan jirage cikin dusar ƙanƙara, tsakanin fiffike da fiffike wani lokaci ba ya wuce tsawon hannu, ban taɓa goge fentin ko ɗaya ba. Shi ne tuƙi. Abin da kake faɗa mini dambe ne aka sa masa taya.

Kowa yana yi, in ji ka. Kowa ɗin nan ba ni na haife su ba. Kuma ran da ka matse yaron Ohio ma ai ba ka yi niyyar kifar da shi ba, taku ɗaya kake nema. Maganata tana nan yadda take. Idan aikin ba ya yiwuwa sai da ture mutane, to ba aikinka ba ne, ka tattara ka dawo. Amadou mai motocin haya na titin Hillside yana neman direba mai hankali, na riga na yi masa maganarka.

Azumin bana dogo ne, kusan ƙarfe takwas da rabi ake shan ruwa. Na daina zuwa buɗa bakin masallaci, mutane suna yi mini magana da abinci a baki, ni kuma leɓe nake karantawa. A gida nake sha. Ina zama kusa da taga da dabino a hannu ina kallon agogo, don kiran salla ba ya iso ni. Bara war haka kai kake taɓa kafaɗata in lokaci ya yi.

Allah ya karɓi ibadarmu. Ka kula da kanka.

Mahaifinka,
Sumani

(Wata takarda a cikin ambulan ɗin)

Concourse Village, Bronx
24 ga Yuni

Kudus ƙanena, sallama. Ya azumi?

Baba ya ba ni wasiƙarsa in kai gidan waya, bai liƙe ta ba, ni kuma na karanta. Ka kai ni ƙara. Na kira ka sau uku ba ka ɗaga ba, shi ya sa nake cusa wannan a ciki, a tsaye nake rubutawa kafin in shiga aiki.

Chale ɗan'uwana, tsohon nan yana ba ni mamaki ƙwarai paa. A takarda dambe ne da taya, amma duk ranar da kake tsere tun azahar yake tarewa a shagon Souley. Souley yana kunna masa a kwamfuta, Baba ya sa tabarau ya manna hanci a gilashi yana bin lambarka da yatsa. Ranar Asabar da ka zo na goma sha huɗu ban ga abin da ya yi ba, amma Souley ya ce har tsalle ya yi da azumi a bakinsa.

Ga wani abu kuma. Ya yi wa ɗakinka fenti, shi kaɗai, da hawan jininsa. Ya sayi sabuwar katifa ya sa aka hau masa da ita bene na uku. Na tambaye shi wa zai kwana a kai, ya yi kamar bai ga bakina ba. Ka san shi, in ba ya son magana sai ya kawar da kai, shi ke nan ya kashe rediyo.

Ni dai shawarata, ka tura mutumin kawai. Ɗan taɓawa ne, ba kisan kai ba. In ka ci, wallahi shi zai fara yawo da hotonka a masallaci, kuma uba ba ya riƙe ɗansa har abada. Amma na san ka, tun kana ƙarami in Baba ya ce kada ka taɓa nama a tukunya, ko gida ya kama wuta ba ka taɓawa. Ni ce nake ci a doke mu tare.

Yara suna gaishe ka. Ka riƙa ɗaga waya, don Allah.

Yayarka,
Shamima

Mooresville
2 ga Satumba, 2015

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka, ina fatan jikinka da sauƙi. Ka yi haƙuri da shirun wata uku, ba fushi ba ne, ba ni da abin faɗa ne.

An gama. Tsere na huɗu na zo na goma sha uku. Na ƙarshe ranar Asabar aka yi shi a wani ƙaramin fili a Virginia, da rana tsaka, cikin motar kamar tanda. Zagaye ɗari biyu ne. Motar ba ta taɓa yi mini daɗi kamar ranar ba. Na tashi daga na ashirin, na bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi kuskure in shige, wanda ya tsaya canja taya in shige. Saura zagaye talatin da biyu dattijon rediyo ya ce mini ni ne na goma sha ɗaya, na goma kuma ga shi a gabana, mota mai lamba 41.

Tayoyinsa sun cinye, Baba. Ina ganin bayan motarsa yana rawa a kowace kwana. Na fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma ya manne a hanyar ƙasa ya ƙi tashi, kuma ban ga laifinsa ba. Na gwada ta sama sau biyu, motata ta zame, saura kaɗan na bayana ya wuce ni. Sai na dawo na zauna a bayansa. Tsakanin bambana da nasa bai kai tsawon tafin hannu ba. Dattijo yana cewa in tura. Can sai mai motar da kansa ya karɓi rediyon, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce, "Yaro, taɓa shi kawai. Ina roƙonka." A zagaye na ƙarshe mai 41 ya taka birki da wuri a kwana ta uku, ina jin ya gaji da jira ne yana so a yi ta ta ƙare. Na danne nawa birkin har ƙafata ta yi tsami don kada in same shi.

Na zo na goma sha ɗaya. Mai motar ya ba ni hannu, ya ce bai taɓa ganin mai tsabtar tuƙi kamata ba, kuma ba shi da wurin ajiye ni. Direban 41 ya biyo ni har bayan gareji da hular kwano a hannu, ya ce, "Me ya hana ka kawar da ni? Da ni ne, da na yi maka tun tuni." Na nemi yadda zan faɗa masa da Turanci na rasa, sai na ce masa ya yi tuƙi mai kyau.

Yaya ta ce ka yi wa ɗakina fenti. Da farko abin ya yi mini zafi, na ce Baba ya yanke ƙauna da ni tun ban gama ba. Yanzu na gane ka fi ni hangen nesa ne. Na san don Allah ka tsaya a kan maganarka, don kada in sake ɗaukar alhakin wani. Na rasa kujerar, raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban saɓa maka ba, kuma wannan ne kaɗai abin da nake riƙe da shi yanzu. Na gode.

Na sayi tikitin bas na ran 19 ga wata, zan iso Manhattan da la'asar. Za mu yi Babbar Salla tare in Allah ya so. Ka gaya wa Amadou ina zuwa.

Ɗanka,
Kudus

Jamaica, Queens
8 ga Satumba, 2015

Ɗana Kudus,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Takardarka ta zo jiya, na karanta ta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Da zagina ka yi a ciki da na ci abincina na kwanta. Godiyar nan ce ta hana ni sakat, don haka ka zauna ka ji abin da ubanka ya yi.

Na gane bambancin motocin nan tun kafin ka rubuto mini. Tun tserenka na farko Souley ya nuna mini. Ya sa baki a kunnena na hagu, wanda ya rage da ɗan rai, ya yi ihu, "Bon, Malam, duba da kyau! Duka suna bugun juna, kowa na lahiya lau. Yaron ga naka shi ɗai ne ba ya yi. Mi ya hana shi?" Na ce masa tarbiyya ce. Na tuƙa mota shekara arba'in, na san taɓawar da ke kisa da wadda ba ta ko zubar da shayi. Labarin fiffiken jirgi da na cika maka takarda da shi gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba.

Dalilin shi ne ina so a kore ka. Ga shi na rubuta, ka gani da idonka. Na lissafa cewa in ka shiga goman nan ka tafi ke nan, shekara ɗaya za ta zama biyar, ni kuma in ƙare a wannan gida ina magana da firji. In ba ka shiga ba, za ka dawo. Ina da igiya ɗaya a hannuna, maganar Ohio, na san ba za ka tsinke ta ba, sai na ja. Bayan ƙaramar Salla na rubuta maka takarda na ce na janye, ka yi aikinka. Ta yi mako shida a aljihun rigata. Duk Lahadi Shamima tana tambaya ko akwai saƙo, in ce babu.

Ranar Asabar ɗin tseren ƙarshe ina shagon Souley. Na ga zagaye talatin da biyun nan, ɗaya ɗaya, hancina a gilashi. Na ga motarka ta manne a bayan waccan kamar ɗan maraƙi a bayan uwarsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ga mutanen shagon duk sun juyo suna kallona, wata mata ta janye 'yarta, Souley ya riƙe mini hannu. Ashe ihu nake yi. Ni ba na jin muryata, sai daga baya ya rubuta mini a bayan kwali abin da nake faɗa: "Tura shi, Kudus! Na yafe! Ei, tura shi mana!" Ya ce har masu jiran bas a waje sun leƙo. Duk unguwar Jamaica ta ji na janye maganata, ban da kai.

Souley bai yi mini magana ba tun ranar, bayan ya ga na ciro takardar daga aljihu ya karɓa ya karanta ta. Yana da gaskiya. Na yi amfani da sunan mahaifiyarka da ciwon yaron mutane don in sami mai zama da ni a tebur. Ban san me zan ce wa Allah a kan wannan ba, kuma ban san me zan ce maka ba. Na janye maganar, duk da na san yanzu ba ta da amfani. Idan akwai wanda zan rubuta wa a can, mai motar ko wani, ka aiko mini da sunansa in gaya masa laifin nawa ne.

Na yi tunanin in yi shiru har ka iso, ba mai gaya maka. Amma ba zan iya kallonka kana cin tuwona kana gode mini ba. Ina neman gafararka. Ɗakinka yana nan.

Mahaifinka,
Sumani

Mooresville
16 ga Satumba, 2015

Zuwa ga mahaifina,

Wa alaikumus salam Baba. Ina gaishe ka. Takardarka ta same ni na riga na ɗaure kaya.

Kada ka rubuta wa kowa, an ba wani kujerar tun makon jiya. Ka nemi gafara, ni ban isa in riƙe ka ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Na mayar da tikitin. Wani gareji a Tennessee yana neman mai tuƙa babbar motar da ke kai motocin tsere fili, na karɓa, ran Litinin zan fara. Ba zan zo Salla ba, kuma ban san ranar da zan zo ba. Ba na so in yi maka ƙarya a kan wannan.

Ka riƙa shan maganinka. Ka koma shagon Malam Souley, zai huce. Zan bar ɗakin nan jibi, idan na sami sabon adireshi zan ba Yaya Shamima.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Kudus